Motar Baba Tana Ja Dama

Litinin, ƙarfe goma na safe

Na sayi wannan littafi don in riƙa rubuta duk abin da na taɓa a jikin motar Baba, saboda na san halinsa. Gobe sai ya ce ban canza komai ba, ƙura kawai na goge.

Da sassafe ya shigo garejina da a-kori-kurarsa, hanci a sama, baya yana neman jan ƙasa. Madubin dama ya karye yana reto, gefen bodi ya goge tun daga ƙofa har fitilar baya. Na ce, "Baba, me ya faru?"

"Motarka ce ta faru," in ji shi. In ta yi abin kirki tasa ce, in ta yi laifi tawa ce, tunda ni nake duba ta. "Tana ja dama. Jiya na ɗauko siminti, ina hawa gada sai ta bi gefen ƙarfen tana lasa. Ka duba ta, Injiniya."

Injiniya yake ce min in yana son ba ni haushi, kuma kullum yana so.

Shekara talatin da huɗu yana tuƙi, sha tara a cikin wannan motar, yana yi wa Mai Shago, wani mai sayar da kayan gini, dakon kaya zuwa wuraren aiki. Don buhu ashirin aka ƙera ta. Baba yana ɗora mata talatin da biyar, ya shimfiɗa rodi a kai, jelar rodin tana lilo a baya. Na shiga ƙarƙashi na duba. Falle ɗaya na sifirin ɗin dama, jerin ƙarafan da ke ɗaukar nauyin baya, ya tsage, shokazoba biyun baya sun zubar da mansu tun ban san yaushe ba. Tsakanin sifirin da shasi kuma, wato ƙarfen da bodi ke zaune a kai, a kowane gefe, Baba ya cusa guntun katako ya ɗaure da roba, wai don kada ta zauna.

Gaskiya na ji daɗin ganin tsagin nan. Laifi ne na ƙarfe, wanda sifana ke iya kaiwa gare shi.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Inna ta kira. Ba ta tambayi yara ba, ba ta tambayi aiki ba.

"Ka ga motar?"

"Na gani, Inna."

"Ƙarƙashin gadar nan ruwa ne, ka sani. Ko dai ka gyara ta ta daina jan nan, ko ka raba shi da ita. Ni so nake mijina ya riƙa dawowa gida da ƙafafunsa."

Na ce gyara zan yi. Ta ce to, kamar da sauran magana a bakinta.

A raba Baba da motarsa. Ita da ta yi shekara arba'in ba ta iya raba shi da tsohon takalminsa ba, ni ta ɗora wa wannan.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Abin da na yi: na cire fallen da ya tsage, na sa sabo, na ƙara biyu-biyu a kowane gefe. Sababbin shokazoba. Sababbin robobi a idon sifirin. Sababbin ƙusoshin ɗauri, domin tsofaffin tsatsa ce kawai ke riƙe da su.

Kwana biyu Baba yana zaune a kan benci yana koya min aikina. Da na jefar da katakon nan sai ka ce haƙorinsa na cire.

"Katakon nan ya riga wasu shokazobarka zuwa duniya."

"Baba, katako ba ya lanƙwasa. Duk ramin da ka faɗa, shasi ke shan dukan, taya ta yi tsalle ta bar ƙasa. Tayar da ba ta taka ƙasa kuwa ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki."

"Karatu," ya ce, ya kau da kai.

Mai Walda, maƙwabcina na jikin katanga, ya leƙo da tasa shawarar, wai a liƙa ƙarfe da wuta a madadin katakon, magana ta ƙare. Mutumin nan ko ciwon kai ka kai masa walda zai ce a yi. Na ce ya koma bakin aikinsa. Baba ya ce ga mai hankali nan an kora.

Da yamma Baba ya buɗe fulas zai zuba shayi, ya tsiyaya a kan benci, gefen kofin. Ya ce bencina ya karkace, kamar komai na garejin nan. Na kawo tsumma na goge.

Alhamis, ƙarfe sha biyu na rana

Ni da Mai Walda muka cika buhu ashirin da biyar da yashi don gwaji, muka jera a baya. Ta tsaya cak, gaba da baya daidai. Na zaga da ita, na sha kwana, na taka birki, ban ji komai ba sai daɗi.

Muka sauke yashin, Baba ya ce a zaga da shi babu kaya. Ba mu yi nisa ba kansa ya bugi rufi sau biyu.

"Mota na kawo maka, ka ba ni jaki mai tutsu."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya yi gaskiya. Na ƙara mata tauri don lodi, na manta rabin rayuwarta ba komai a bayanta. In ba kaya, bayan yana tsalle, a kwana ma yana neman zamewa. Laifina ne, na rubuta shi a nan tunda ba zan faɗa masa ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na sake kwance komai. Motocin mutane uku suna jira.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na gane bakin zaren. Na cire falle ɗaya daga cikin ƙarin, ɗayan kuma na mayar da shi ƙasa, na bar masa rata. In motar ba kaya, ba ya aiki, tafiya ta yi laushi. Da nauyi ya danno, sai sifirin ya sauko ya same shi, su ɗauka tare. Na gwada da yashi, na gwada babu yashi. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Baba ya danna bayan motar da hannu biyu, ya saki, ya ga ta dawo sau ɗaya ta tsaya. Na tsaya ina jira. Ya ce, "Madubin fa, sai yaushe?"

Na sa madubin. Litinin zai koma aiki.

Talata, ƙarfe uku na rana

Tsugune ba ta ƙare ba. Ya dawo da tayar gaba ta dama a yage, ya hau bakin kwalbati da ita. Allah ya taƙaita, a hankali yake tafiya.

"Na gaya maka tana ja dama."

Na sa wata taya. Na kai ta wajen saitin ƙafa, na tsaya a kan mai injin har ya gama, ya nuna min allo ya ce ƙafafun nan sun fi nasa miƙewa. Na duba sandar sitiyari, ba wasa. Na buɗe birkin gaba ko na dama yana kamawa, ba ya kamawa. Na auna iskar tayoyi huɗu da geji, domin Baba da ƙafa yake aunawa: ya hauri taya, in babban yatsa ya yi zafi to ta cika. Ni da Mai Walda muka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa a ƙarƙashin shasi, ko ya lanƙwashe. Ko faɗin farce bai kauce ba.

Na fita da ita kan miƙaƙƙen titin bayan ma'aikatar katako. Ba ta ja dama, ba ta ja hagu.

Wataƙila lodin ne. Lodin ne.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na rufe gareji na tafi shagon da kaina. 'Yan lodi sun saba da tsarin Baba: a tara siminti can bakin ƙofar baya don saukewa ta yi sauƙi, a ɗora rodi ya zarce waje. Na ce musu duk nauyin da ya wuce tayar baya ɗaga gaban mota yake yi, kamar yadda ƙato ke zama a ƙarshen benci ɗaya ƙarshen ya tashi. In gaba ya yi sakayau, sitiyari ya zama ado.

Na ja layi da fenti a cikin bodi, daidai saman tayoyin baya. Mai nauyi ya tsaya gaban layi, jikin kan mota. Buhu ashirin da biyar, kada a ƙara ko ɗaya. Mai Walda ya haɗa min ƙarfen ɗora rodi a saman rufi, yau dai waldarsa ta yi rana.

Baba ya tsaya yana kallona ina koya wa mutanensa aiki.

"Tun kana tsumma nake lodi," ya ce. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

'Yan lodi suka yi dariya. Ni ban yi ba. Yana maganar yana kallon inda nake tsaye da farko, alhali na riga na zagayo ta damansa tuntuni.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta biyo ta gareji daga wajen aikinta. Ƙanwata ce, amma in ta tsare ka da ido sai ka ɗauka ita ta raine ka.

"Yaya, sai yaushe za ka daina?"

"In daina me?"

"Ka bar jaki kana dukan taiki. Shekaranjiya na tsaya a gefensa na dama riƙe da ruwan wanke hannu, har hannuna ya gaji. Sai da na yi magana ya zabura. Inna ta ce wata uku ke nan ya daina karanta saƙo a waya, wai rubutun zamani ƙanana ne."

Na ce ni makanike ne, abin da aka kawo min nake gyarawa.

"Kai ne babba. In ni na faɗa, ya ce raini. In Inna ta faɗa, ya ce mita. Kai kaɗai ne in ka ce kada ya hau, ba shi da ta cewa."

Na ɗaga mata murya, na ce ta bar min wuri ina da aiki. Ta tafi. Ban kyauta ba. Kowa ya iya cewa a faɗa masa, amma ba wanda ya zo da kalmomin da za a faɗa. In ce masa me? Mutumin da ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe



Na ce yau zan bi shi in ji jan da kunnena. Aka yi lodi yadda na tsara. Ya hau, na zauna a gefensa. Motar tana tafiya lafiya lau, ba tangaɗi, ba tsalle, a kwana ba ta kwanciya. Ni dai hannunsa nake kallo. Ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyi sun fito, ya turo kai gaba kamar mai leƙen rijiya. Baban da na sani da yatsa biyu yake tuƙi, gwiwar hannu a taga.

Bayan shataletale akwai wani mutum a kan keke a gefen dama, da jar riga, jar da ko daga ƙarshen titi za ka gan ta. Muna matsowa, Baba bai kauce ba. Na ce, "Baba, mai keke." Ya ce, "Ina?" Na cafki sitiyarin na murɗa hagu. Madubin da na sa Asabar ɗin da ta wuce ya shafi hannun rigar mutumin. Ya yi tangal-tangal, ya sa ƙafa a ƙasa, ya bi mu da zagi. Ya cancanci ya zaga.

Baba ya tsaya a gefen hanya. Sannan ya juyo da kansa gaba ɗaya, har kafaɗa, don ya gan ni.

"Ka gani ko? Ta ja."

Na ce, "Na gani."

Na ce ya matsa in tuƙa, ina son in saurari wata ƙara. Ya matsa ba musu. Na kai kayan, na wuce da motar gareji, na ɗora ta a kan jak, na cire ƙafafun gaba. Ba abin da zan duba. Kawai ba na son ta kasance da ƙafa.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Idonsa ne. Na dama. Ga shi na rubuta, sai me?

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya na yi niyyar yin magana. Na shirya ta tun daga gida. Yana zuwa, kafin in buɗe baki, ya ce ya tuna akwai wata ƙara a baya, ƙyas-ƙyas, in duba robobin da na sa. Na duba, lafiyarsu ƙalau. Yau kuma wai sabon shokazoban hagu ya fi na dama gajarta. Na kwance su na jera a gabansa. Ya shafa, ya ce to ƙila sifirin ne, a sake lissafa fallayen.

Mota tana kan jak kwana uku, ba ta motsa ba, amma kullum sai ta haifi sabuwar cuta. Mai tasin da ya bar min motarsa tun makon jiya ya zo sau biyu, na uku ba zai yi sallama ba. Na gaji. Na gaji da motar, na gaji da bencin, na gaji da Injiniya.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Na mayar da ƙafafun gaba don in matsar da ita in sami wurin aiki. Baba yana tsakiyar ba Mai Walda labarin wata tafiya da ya yi da buhu arba'in a cikin ruwan sama, yana dariya har da buga cinya. Da ya ji ƙarar saukar jak sai labarin ya tsaya. Ya tashi, ya zagaya motar, ya ce shi fa bai yarda da birkin baya ba, a ɗaga a buɗe.

Na jefar da sifana, na fita bayan gareji kafin in faɗi abin da zan yi nadama. Mai Walda ya biyo ni, ya cire gilashin fuskarsa.

"Mutumina, kai da nake ganinka da wayo. Tsohon nan ba ya son motar nan ta sauko."

"Me kake nufi?"

"In tana sama, shi direba ne mai jiran gyara. In ta sauko, dole ya hau, ko kuma ya faɗi abin da ya hana shi. Kai kana ta neman yadda za ka gaya masa, shi kuwa ya riga ka sani."

Wannan mutumin da nake cewa ba abin da ya sani sai wuta. Na koma, na ɗaga ta, na buɗe birkin baya. Baba ya zauna ya ƙarasa labarinsa.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Mai Shago ya kira ni. Ya ce ya yi haƙuri iya haƙuri, gobe zai zo da kansa ya ji matsaya.

Na gwada, Allah ya sani. Da kowa ya watse na zauna a bencin, ta hagunsa. Na ce, "Baba, ranar Asabar ɗin nan..."

"Shekara talatin da huɗu," ya ce, "ko kaza ban taɓa takewa ba. Ka tambayi kowa a tashar nan. In an ce wa za a ba kaya a yi barci, ni ake nunawa." Ya goge hannu a gwiwa. "Mutum in ya bar aiki, a ce motarsa ce ta tsufa, wannan daban. In aka ce shi ne..."

Bai ƙarasa ba. Ya ce magariba ta yi, ya tashi. Na raka shi har bakin titi, ban bari ya tsallaka shi kaɗai ba, na ce ni ma can zan bi.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Mai Shago ya zo da hantsi. Kamar an yi shela, gareji ya cika: 'yan lodi biyu da suka biyo shi, Mai Walda, mai tasi da ya zo karo na uku, da wani sabon mutum da ya kawo motar ɗaukar kaya don ya ji an ce na iya aikin sifirin.

Tun da safe na sauko da motar Baba a kan ƙafafunta huɗu, na mayar da yashin gwaji a baya, ta tsaya daidai kamar sabuwa.

Mai Shago ya gaida Baba da girmamawa, sannan ya juyo gare ni. "Ni dai amsa nake so. Litinin akwai lodi uku. In motar ta tashi, na dattijo ne, ba na ba wani. In ba ta tashi ba, a gaya min in san na yi."

Baba ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai yau.

Na ce, "Ba za ta tashi ba. Shasi ya lanƙwashe. Na canza duk abin da zan iya, har yanzu tana ja. Ta fi ƙarfina."

Mai Walda, wanda ya riƙe min ɗaya bakin igiyar ranar da muka auna, ya yi tari, ya ce shi ma dama ya ga alama.

Na ɗauka Baba zai yi shiru a wuce wurin. Ina. Ya miƙe tsaye.

"Sati uku, jama'a. Sati uku yaron nan yana kwancewa yana ɗaurawa, sai yau ya gano shasi. Da wani na kai wa da tuni an gama. Na sha faɗa, hannu gare shi amma ba kai. Ya kashe min mota, ya zaunar da ni."

Yaro. Ina da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu. Na tsaya riƙe da tsumma, na ce, "A yi haƙuri, Baba."

Mai Shago ya ba shi baki, ya ce ai ƙarfe ma yana gajiya, dattijo ya yi aikin da ba wanda zai sake yin irinsa, ya huta haka nan. 'Yan lodi suka riƙa jinjina masa. Baba ya karɓa yana girgiza kai kamar wanda aka zalunta.

Mutumin da ya kawo motar ɗaukar kaya ya ce bari ya je ya dawo. Na san irin wannan dawowar.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Labari ya zaga. Mai sayar da taya ya tambaye ni, wai da gaske motar ubana ta gagare ni? Na ce da gaske. Auta ta turo saƙo, kalma biyu: sannu Yaya. Ban amsa ba, har yanzu haushin kowa nake ji.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na ce zan kai motar gida in ajiye ta a gindin katanga, ta bar min wuri. Zan sauke yashin, Baba ya ce in bar shi. Ya buɗe ƙofa ya zauna a gefen fasinja, bai jira an ce masa ba.

Na nufi hanyar gida, ya ce a'a, in bi ta tsohuwar hanyar kwari, mai ramuka da kwana-kwana. Na bi. Ya jingina, ya rufe idanunsa duka biyu, ya ɗora tafin hannu a kan kujera. Muka faɗa rami na farko, ta haɗiye shi. Muka sha doguwar kwanar nan mai gangara, ba ta kwanta ba. Ya ce in ƙara wuta. Na ƙara. Ya ce in taka birki da ƙarfi. Na taka, ta tsaya a miƙe, buhu ko ɗaya bai gusa ba.

Da muka fito kan kwalta, hanya ba kowa, ya ce, "Saki sitiyarin."

"Baba..."

"Saki, na ce."

Na ɗauke hannuwana. Ta ci gaba da tafiya a tsakiyar layinta. Muka wuce turken fitila ɗaya, biyu, uku, huɗu. Idonsa a rufe, amma na ga leɓensa yana motsi. A na shida na mayar da hannu.

Muka iso ƙofar gida na kashe inji. Ina jin motsin Inna a tsakar gida tana jan kujera.

"Ko ranar da na sayo ta ba ta yi tafiya irin wannan ba," ya ce. "Wa ya koya maka barin ratar nan a ƙasan sifirin?"

"Ba kowa."

Ya gyaɗa kai. Ya lalubi hannun ƙofa, bai same shi ba sai a karo na biyu.

"Kada ka gaya wa kowa."

Na ce ba zan faɗa ba. Na fita na zagayo na buɗe masa. Ya dafa kafaɗata ya sauko, kuma bai ɗauke hannun ba har muka shiga gida.